Salansar Yaya

A wurin gwajin babura ya fara ganinta, riƙe da na'urar auna ƙara. Ya murɗa totur, allura ta haye jan layi, ita kuwa ta toshe kunne tana dariya.

"Malam, salansa ce wannan ko aradu? Ta wuce doka, sai ka canza."

"Ba zan iya ba," ya ce a hankali.

Haka ya riƙa dawowa gwaji yana faɗuwa, har abokan aikinta suka laƙaba masa Sarkin Ƙara, shi kuma yana kiranta Mai Awo. Kafin su ankara so ya yi musu kamun kazar kuku.

Babanta kuwa ya ce sam. "Yaron da ke firgita jariran unguwa zan ba 'yata? Ya cire abin nan tukuna."

Bai cire ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta tura masa saƙo: "Ka zaɓi ƙarfe ka bar ni. Allah ya bar ku tare."

Sai washegari amsa ta zo: "Mai Awona, babur ɗin na Yayana ne, da hannunsa ya ƙera salansar. Tun da mota ta kashe shi idon Mama ya tafi, ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar nan a ƙofar gida. Gani take shi ne ke dawowa. In na cire, na sake kashe mata shi."

Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta ce ya kai ta gidansu.

Tsohuwar na zaune bakin gado, kwanon abinci a rufe a gefenta. Ta shafa fuskar baƙuwar, ta tambayi abin da ya hana a sa rana. Mai Awo ta kasa ɓoyewa.

Mama ta juya wajen ɗanta.

"Auta, ido na rasa, ba hankali ba. Na san wanda ya tafi. Kai nake saurare. Titin da ya cinye min ɗaya nake tsoro, in ban ji ka iso ba abinci ba ya wuce min."

Ya durƙusa ya kifa kai a gwiwarta, kukan da bai yi ba ranar rasuwar ya ƙwace masa.

Da kansa ya kwance salansar, ya goge ta, ya ajiye a ɗakin Yaya. Baban Mai Awo da ya ji labarin ya share ido ya ce a sa rana.

Aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka. Yanzu babur ɗin shiru yake shigowa lungu, amarya ce ke leƙa taga ta ce, "Mama, ya dawo."

"Allah ya yi muku albarka," in ji tsohuwar. "Miƙo min kwanon."