Gauraka Biyu a Bayan Gilashi

Ita fa ba don dabbobi ta je ba. Rakiya ta yi wa ƙawarta zuwa gidan adana dabbobi na jami'a, inda ake ajiye ƙasusuwan raƙumin dawa da tsuntsayen da aka cusa wa auduga aka tsayar kamar masu rai. Amma tela tela ce ko a ina. Kowa na kallon haƙoran damisa, ita ta durƙusa tana leƙen cikinta.

"Kai! Wane mugu ne ya yi wannan ɗinkin? Ko buhun gawayi ba a yi wa haka."

"Ni ne mugun," in ji wata murya a bayanta.

Dogon saurayi ne cikin farar rigar aiki, da ɗan burushi a hannu, yana danne dariya. Shi ne ma'aikacin da ke gyara fatun ya ɗinke su. Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

"To, Malama Tela, tunda kin ga laifin, sai ki koya mini."

Ta koya masa ɗinkin da ake ɓoye zare, shi kuma ya nuna mata akwatunan malam-buɗe-littafi da ba kowa ake buɗe wa ba. Ɗinkin da za a koya a kwana biyu ya ci wata huɗu, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Allurata, damisa ta warke. Saura ni, kin bar ni a farke. Zan turo manyana."

Ta mayar masa: "Mai Damisa, ka cika zaƙin baki. Ka turo, ina jira."

Nan fa Baba, mahaifinta, ya ce bai san zancen ba.

"Mai ɗinkin mushe? Ga ɗan aminina mai kantin magani yana ta sintiri, sai wanda ke wuni da matattun dabbobi? Ban yarda ba."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son Mai Damisa sosai, kuma ba za ta yi aure ba da yardar Baba ba. Umma ce ta san makamar mijinta.

"Malam, gani ya kori ji. Ka je ka duba aikin, in ka ƙi sai ka ƙi da hujja."

Ya je, fuska a murtuke, 'yarsa na biye. Ya wuce giwa, ya wuce kada, ko kallon kirki bai yi musu ba. Sai a gaban wani gilashi ya ja ya tsaya cak. Gauraka ce, da tukkunta mai ruwan zinariya. Baba a bakin fadama ya tashi, kuma rabonsa da ganin tsuntsuwar nan shekara arba'in.

Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin gauraka da rai?"

"Ban taɓa ba, Baba. A hoto kawai."

"Ai na gani! Ka noƙe mata wuya kamar agwagwar da ruwa ya daka. Gauraka miƙe wuya take, tana taku da ƙasaita." Tsoho ya manta da fushi, ya miƙe wuya ya yi taku uku a tsakiyar zauren, sai da 'yarsa ta toshe baki. "Kuma ina ɗayar? Biyu-biyu suke tafiya. Wa ya taɓa ganin gauraka ita kaɗai?"

Saurayin bai kawo digirinsa ya kare kansa ba. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rusuna.

"Akwai ɗaya a sito, fatarta ta yage. Baba, a ƙara nuna mini takun."

Sati uku yana aikin. Baba ya riƙa zuwa wai duba wuya, Tela kuma ta ɗinke yagaggiyar fatar da hannunta. Ranar da aka tsayar da su biyu kafaɗa da kafaɗa, tsoho ya zagaya gilashin yana neman laifi bai samu ba. Ya share ido da hannun riga.

"Haka suke a fadamarmu." Ya juya ga saurayin. "Wanda ke karɓar gyara zai riƙe mace. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure cikin farin ciki, Umma na ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Yanzu kusan duk sati sai ka tarar da Baba a gaban gilashin nan, ya tare baƙi ko ba su tambaye shi ba.

"Kun ga waɗannan? Surukina ne ya tsayar da su, 'yata ta ɗinka. Wuyan kuwa ni na gyara."