Gurasar Kano Mai Tururi

Daga Maigatari zuwa Kano zango shida ne da jaki. Na sani, don shekara ashirin na yi ina fataucin kanwa a hanyar. A shekarar da jiragen Turawa suka fara sauka Kano, kowa na ta mamakin mai tafiya ta sama. Ni ban yi ba, don Cindo ya riga su.

Cindo abokin fataucina ne, kuma ba zan ɓoye ba, na tsane shi. Yakan fita da magariba, kafin a kira isha'i ya dawo da gurasar Kano tana tururi. Rahamatu yake kai wa, bazawarar da na yi shekara biyu ina nema. Ni kuwa sai na yi kwana goma sha biyu sannan in kawo mata wadda ta bushe kamar fatar takalmi. Ko rasuwar Iya, mahaifiyarsa, ba ta sa na ji tausayinsa ba. Matan da suka yi mata wanka sun ce tafin ƙafarta duk faso ne da ƙaya, ita da ba ta fita ko zaure.

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aurensa da Rahamatu. Don baƙin ciki na rantse sai na ga sirrinsa.

Ran nan da rana ta faɗi na bi shi ta hanyar Gumel. Ya ratse cikin sabara, ya tsaya a bakin wata rijiya da aka daina ja. Na laɓe.

Tsuntsaye suka yi tsit. Wani wari ya taso, kamar ana babbaka gashi.

Daga cikin rijiyar wata murya ta fito, a shaƙe.

"Zango shida zuwa, shida dawowa. Hanya sai an taka ta. Wa zai taka maka?"

Cindo ya yi ƙasa da murya. "Rahamatu."

"Tsohuwar fa?"

"Ta ƙare."

Iska ta juya. Ƙafafunsa suka bar ƙasa, na ga ƙasan takalmansa a saman kaina, sannan ban ƙara ganin komai ba.

"Kai na bayan sabara," in ji muryar. "Ɗantala. Ka daɗe kana so. Faɗi suna."

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyata.

Wallahi sunan Cindo ya zo har kan harshena, kuma na ji daɗinsa.

Na cije harshen har jini ya fito, na yi a'uziyya, na zura da gudu. Wani abu yana bina a baya, ba ya haki, sai ƙirga zango yake yi.

Da safe na wuce ta ƙofar gidan Cindo. Rahamatu na zaune a zaure tana cire ƙaya daga ƙafarta, ta ce ta tashi a gajiye kamar wadda ta kwana tana tafiya. Na durƙusa na faɗa mata komai. Na je na faɗa wa Bappanta ma.

"Haba Ɗantala," ya ce, "kaf garin nan wa bai san abin da ke cinka ba? Ka ji tsoron Allah, ka bar musu aurensu."

Da ban cika gari da zagin Cindo ba, da sun saurare ni.

Yanzu sai Rahamatu ta dogara sanda take iya zuwa randa. Gurasar kuwa har yau da tururinta take zuwa.