Miyar Kande a Barikin Safana

Zinariya na tsakar gida tana tankaɗen kuka, mijinta Muntaka ya shigo ya jingine kayan saƙarsa a bango. Tun da yadin kanti ya cika kasuwar Batsari, babu mai waiwayar saƙi.

"Na samu aiki," ya ce. "A barikin Safana, inda Di'o, Baturen mulki, ke sauka in ya zo rangadi. Kukunsu, Sada, ya tsufa, ana neman mai kama mashi."

"Kuku? Kai da ko ruwan zafi ba ka taɓa ɗorawa ba!" Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ai shi ya sa na auri malama."

Kwana bakwai tana koya masa, ƙofa a rufe. Abincin Bature dai Sada zai nuna masa, amma masinjoji da 'yan dako tuwo suka sani. Ta koya masa miyar kuka yadda marigayiya innarta Kande ke yi: a gasa daddawa a garwashi kafin a daka, man shanu kuwa sai an sauke tukunya.

Magana ba ta kwana a Batsari. Rana ta takwas sai ga mahaifinta, Malam Barau, ko zama bai yi ba.

"Namiji da muciya! Ɗiyata ba ta zama da mai tuƙin tuwo. Ke, ɗauko mayafinki!"

Muntaka ya durƙusa. "Baba, sana'a ce, ba sata ba."

"In girbi ya zo ba ka aje ludayin nan ba, alƙali ya raba ku. Na gama!"

Zinariya ta bi ubanta tana kuka. A bakin ƙofa ta waiwayo, ta yi ƙasa da murya: "Kada ka bari, ka ji? Kuma ka rage gishiri."

Farkon aiki bai zo da daɗi ba. Ranar farko ya zuba wa Di'o yaji a miya kamar ta gida, Bature ya sha ruwa kofi uku, Sada ya yi ta faɗa har la'asar. Sannu a hankali ya koyi gasa burodi, da tace ruwa, da jera cokula a tebur. Hannu ya faɗa, amma kewar Zinariya ta hana shi sakewa, ga gero sai nuna yake.

Saura mako biyu girbi aka kira Malam Barau Safana shaidar rikicin gona. Ruwa ya dake shi a hanya, zazzaɓi ya kwantar da shi a rumfar baƙi ta bayan bariki, kwana biyu ko kunu ya ƙi shiga. Muntaka ya san suruki ba ya cin abinci a gaban mijin 'yarsa, balle wannan surukin. Sai ya tuƙa tuwo mai laushi, ya lallaɓa ya ajiye akushi tsoho na barci, ya koma bayan zana ya raɓe.

Ya ji an buɗe akushi. Loma ɗaya tsoho ya kai, sai ya ƙwala kira.

"Sada!" in ji Malam Barau. "Wace mata ta yi miyar ga? Wannan miyar Kande ce! Mutum biyu suka iya ta. Ɗaya na kabari, ɗaya kuwa tun da na maido ta gida ta ƙi yi mani."

Sada ya leƙo ya ce, "Babu mace a kicin ɗinmu, Malam. Surukinka ne."

Muntaka ya kasa kunne. Ya jira jin ƙarar akushi a ƙasa, amma abin da ya ji, tsoho na jan hanci yana suɗe akushin.

Can Malam Barau ya yi gyaran murya, bai juyo ba.

"Kai na bayan zana. Gishiri ya ɗan yi yawa."

"A yi haƙuri, Baba."

"Ran Juma'a ka zo ka ɗauki malamar taka, ta ƙarasa maka karatu."

Haka aka yi. Zinariya ta tare a Safana kafin a yanke gero. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma sana'ar halal ba ta rage wa namiji komai. Gishirin ne dai har suka tsufa Zinariya ba ta daina yi wa Muntaka gori a kai ba.