Zanen da Ya Ɓace a Gidan Kpodo

Saura kwana biyu bikin masaƙa a Kpetoe, tsoho Kpodo ya zo caji ofis da hantsi, ya ce an sace zanen kente, irin saƙar hannu ta garin, da zai kai gasa. Wata huɗu yana saƙarsa, in ji shi, kuma maƙwabcinsa Dotse yake zargi.

Sufeto Agbenyega ya fara da Dotse. Dotse ya rantse bai taɓa ganin zanen ba, can kuma ya shiga yabon kyan gefensa. Da Sufeto ya tsare shi da ido, ya amsa cewa ya taɓa leƙawa ta katanga.

"Amma yallaɓai, tsohon da hannunsa ke rawa in zai kai loma baki, shi zai yi wannan saƙa?"

Sufeto ya koma gidan Kpodo, ya ce wa tsohon ya zauna a masaƙarsa. Kpodo dogo ne. Igiyoyin da ake ja da yatsun ƙafa an daidaita su ga gajeren mutum. Kpodo ya ce damina ce ta sa suka tsuke.

Ana haka 'yarsa Mawusi ta kawo wa baƙo ruwa, ba takalmi. Sufeto ya ga kanta irin wadda igiyar masaƙa ke bari tsakanin babban yatsanta da na kusa da shi, a ƙafa biyun.

"Mawusi, yaushe kika fara saƙa?"

Kpodo ya yi wuf ya ce mace ba ta zama a masaƙa a gidansa, haihuwa take hanawa, kowa ya sani.

Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki, ta zaro zanen daga ƙarƙashin buhun masara. Ta ce shekara shida take saƙa a bayan gida, ana kai wa gasa da sunansa. Bana ta roƙe shi a faɗi nata, ya ƙi.

Kpodo ya rage murya, ya ce ya janye ƙara, maganar ta mutu a nan.

"Baba, zarenka ne, kuma na ɗauke. Yallaɓai, ka rubuta ni na sata, ka rubuta kuma ni na saƙa. A karanta a kotu."

Sufeto ya ce ta wuce su tafi. Ya miƙa hannu zai karɓi zanen, sai ya fasa, ya ce ta riƙo da kanta. Mawusi ta warware shi ta yafa a kafaɗa, ta ce ta cikin kasuwa za su bi.