Layin Farko na Fayil Ɗin Ruhaina

"Waye Wahab?"

Ko sallama Nasrullahi bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Maamobi, ya miƙo min wayarsa fuska a ɗaure.

Hoton fayil ɗin CSS ne, inda na rubuta launi da tsarin shafin intanet na shagon mahaifiyarsa. Wata huɗu ina gina wa Hajiya shafin nan, don masu sayen mayafi su zaɓa ba sai sun je kasuwar Tudu ba. A layin farko an zagaye wasu kalmomi da ja: Wahab da R., har abada.

"Wa ya turo maka?"

"Sala. Ta nuna wa Mma. Mma ta ce goron da za a kawo gidanku ranar Asabar a dakata."

Sala 'yar ƙanwar Hajiya ce, ita ke zaman shagon. Tun ranar da ya kai ni gaisuwa take hararata, don ta daɗe da sa rai da shi.

"To kai me ka ce?"

Ya kau da kai. "Ruhaina... ki faɗa min gaskiya kawai. Shi ya rubuta miki aikin, ko akwai wani abu a tsakaninku?"

Sai da kunnuwana suka yi zafi.

"Wato ko ni maciya amana ce, ko ni daƙiƙiya ce. Zaɓin da ka ba ni ke nan?"

"Ruhina, ba haka nake..."

"Kar ka sake kirana da sunan nan. Tafi."

Maganar kuwa ba ta da tsawo. Malam Wahab shi ke koyar da mu gina shafin intanet a unguwar Kawukudi. Ranar farko ya kwafa mana editarsa, manhajar da ake rubuta shafi a ciki, da duk saitinsa. Duk sabon fayil da ka buɗe, layin nan ke fara fitowa. R. ɗin Rahinatu ce, matarsa, uwar 'ya'yansa uku. Mu goma sha biyu a aji, har da maza, kowa da layin a aikinsa. Ni dai ban taɓa damuwa in goge ba.

Da ya yi tambayar da mutunci, minti ɗaya ya isa.

Kwana uku ban ɗaga kiransa ba. Na goge editar Malam, na shiga neman tawa. Ta kyauta nake so, halastacciya, ba irin ta sata da ake loda wa mutane a bayan shago ba. Ta farko kyakkyawa ce, amma tsohon laftof ɗina ya yi ta nishi kamar zai mutu. Ta biyu duk rubutunta launi ɗaya ne, na ɓata awa guda ina neman alamar baka ɗaya da na buɗe na manta ban rufe ba, ina nema ina tsaki, ina share hawaye. Ta uku ƙarama ce, nan take take buɗewa, tana ƙarasa min kalma, in na rubuta lambar launi ta nuna min shi a gefe.

Ita na riƙe.

Ranar Juma'a bayan la'asar na hau trotro, motar haya, zuwa Tudu. Su uku na tarar a shagon, Hajiya da Sala da Nasrullahi. Na durƙusa na gaida Hajiya, na ɗora laftof a kan tarin mayafai.

"Hajiya, wane launi kike so a shafinki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kore."

Na buɗe sabon fayil, fari fat, na rubuta a gabansu. Shafin ya koma kore.

"Rubutun ya yi min ƙanana," in ji ta.

Na ƙara masa girma. Ta matso da kujerarta.

Sannan na nuna mata hotunan fayil ɗin 'yan ajinmu goma sha ɗaya, na kunna saƙon muryar Rahinatu tana dariya tana cewa, "Hajiya, ni ce R. ɗin, ki yi haƙuri da shirmen maigidana."

Sala ta murguɗa baki. "Ni abin da na gani na faɗa."

"Ke ban zo wajenki ba," na ce. "Ke ba ki yi min alkawarin komai ba."

Nasrullahi ya miƙe. "Mma, laifina ne. Sala ta kawo magana, ni na ɗauka, na kai wa Ruhaina har ƙofar gidansu."

Hajiya ta dube ni ta ce, "'Yata, gobe za mu zo."

"Ki gafarce ni, Hajiya. Ba gobe ba. Sai bayan wata biyu."

Na rufe laftof na fita. Nasrullahi ya biyo ni har tasha.

"Wata biyu, Ruhaina?"

"Ka ƙara magana su zama uku."

"Kina sona har yanzu?"

"Ina sonka, shi ya sa nake jin kamar in shaƙe ka. Ka san ni shekara biyu, amma layi ɗaya ya ishe ka..."

Ban ƙarasa ba. Na shige mota.

Ya shigo, ya zauna can baya, ya raka ni har Maamobi.

Wata biyun nan kullum sai ya zo, ya gaida iyayena, ya zauna a benci, wani lokaci in fito, wani lokaci in ƙi. Bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ranar da aka kawo goron, shi ya ɗauko ƙwaryar da kansa har ƙofa, kawunnansa suna masa faɗa wai ango ba ya zuwa. Ina leƙensa ta taga, ina ta ƙoƙarin ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa.