Motar Elfatih da Ruwan Zafin Almuru

Ranar da dutsen farko ya faɗo, Hajjo tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, 'yarta Shaima tana yanka kuɓewa a kan tabarma, maigidan kuma, Elfatih, yana kusurwar tsakar gida yana goge motarsa. Rana ta riga ta faɗa bayan rumbunan Gadarif, kaji sun hau, ladan yana gyaran murya. Sai suka ji ƙwal a kan kwanon ɗaki. Kafin Hajjo ta ɗaga kai wani ya biyo, na uku kuma ya sauka cikin tukunyar miya, ba tare da kowa ya ga hannun da ya jefo shi ba.

Sai an san labarin motar kafin a fahimci sauran. Shekarar da riɗi ya yi albarka a gonarsa ta wajen Doka, Elfatih ya sayi ƙaramar jif ta manya, ta hannu, fara sol, mai kujerun fata da sanyin da ke sa mutum ya manta a Gadarif yake. Wata huɗu ta yi masa biyayya, daga nan giyarta ta mutu. Makaniki ya leƙa ya ce kayan sai an aiko daga ƙasar waje, ya faɗi farashin da ya kusa cinye amfanin gonar baki ɗaya. Elfatih ya lallaɓo ta gida tana ja da ƙyar, ta shiga kusurwar nan, ba ta ƙara motsawa ba.

Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Da safe sai ya hau raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, zuwa kasuwa, yana cewa likita ne ya hana shi yawan zama cikin sanyin mota. Da yamma kuma ya tayar da injin ya bar shi yana gurnani, don maƙwabta su ji ta bayan katanga su san tana nan da ranta. Hajjo ta sani, amma mace mai rufin asiri ce, ko 'yan'uwanta ba ta gaya wa ba.

Kwana uku kafin jifan, injin ya yi zafi har tururi ya tashi. Tsoron kada a hango shi daga waje ya sa Elfatih ya kwance bututun lagireto, tafasasshen ruwa ya malale a ƙasa daidai lokacin almuru. Bai yi bisimilla ba, bai ce a kauce ba. Ɗan da uwarsa ba ta taɓa zubar da ko ruwan wanke tukunya mai ɗumi ba sai ta ambaci Allah, shi ne ya yi wannan.

Jifa ya zama na kullum, yana farawa da faɗuwar rana. A yini na huɗu hon ɗin motar ya yi kuka shi kaɗai, makullin yana aljihun mai ita. Abin kunyar shi ne, tunanin da ya fara zuwa wa Elfatih bai wuce wayoyin wuta sun lalace su ma ba, kuma nawa za a ce masa. Yana cikin wannan tunani Hajjo ta kira shi da muryar da bai san ta da ita ba.

"Baban Shaima, zo ka gani."

Shaima, yarinya mai shekara goma sha shida da ko sunan ubanta ba ta iya ji a faɗa ba tare da ta sunkuyar da kai ba, tana zaune a ƙasa a gindin motar. Ta rungume hannuwanta tana jijjiga kamar mai rarrashin jariri, tana busa iska a kan abin da ba a gani. Tun daga ranar ta daina ci, ruwa ma sai an ɗura mata.

Ƙanen Hajjo, Abdulƙadir, shi ya je ya ɗauko Faki Harun, malamin da ya tsufa a kan wannan aiki. Ya iso bayan la'asar, maƙwabta maza biyu suka shigo don su taimaka a riƙe yarinyar, mata suka cika bakin ƙofa. Malam ya sa turare a kasko, ya zauna kusa da kanta, ya yi ta karatu a hankali har inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Can sai Shaima ta miƙe zaune, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini kome ba. Kusurwar can gidana ce tun ba a gina katangar nan ba. Ubanta ya kawo ƙarfensa ya ɗora mana, muka yi haƙuri. Kullum yamma ƙara da hayaƙi, muka yi haƙuri. Sai ya sheƙa wa jikana tafasasshen ruwa yana barci. Zan zauna a jikin 'yarsa har jikan nawa ya warke."

Malam Harun ya ce wanda ya yi laifi daban, wadda ake azabtarwa daban, kuma Allah bai halatta wannan ga mutum ko aljan ba. Suka daɗe suna ja, ita tana kuka, shi yana komawa karatu duk sa'ad da ta taurare. Daga ƙarshe ta ce za ta fita, in dai an ɗauke ƙarfen daga kanta.

"Halas, shi ke nan, wannan mai sauƙi ne," in ji malam. Ya juyo. "Elfatih, ga sauran haske. Shiga motar ka fitar da ita."

Elfatih bai motsa ba. Ya dubi surukinsa, ya dubi maƙwabtan da ya sha yi wa bayanin ƙarfin injin a wurin shan shayi, ya dubi matan da ke ƙofa. Sannan ya dubi leɓunan 'yarsa da suka bushe suka tsattsage.

"Ba ta tafiya, ya Faki," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Wata biyar ke nan. Ƙarar kawai nake sa ta yi."

Ya roƙa a bari duhu ya yi ya nemo wanda zai ja ta. Tsohuwar ta amsa ta bakin Shaima cewa duhu nasu ne, 'ya'yansu suna kan hanya a lokacin, ba za a sake cutar da wani ba. Gobe da rana tsaka ko a fasa. Malam ya sa ta yi alkawari, Shaima ta yi atishawa sau uku ta kwanta, jim kaɗan ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Washegari kasuwa na ci aka kawo mai amalanke da jakuna biyu, aka ɗaura igiya a gaban farar jif. Elfatih ya zauna a kujerar fata yana riƙe da sitiyari, gilashi a buɗe, gumi na bin wuyansa, jakuna suna tafiya yadda suka ga dama. Ya kafa idonsa a kan wutsiyar na dama don kada ya haɗa ido da kowa.

A hawan da ke gaban mai shayi jakunan suka tsaya cik. Mutanen da ke kan benci suka ajiye kofuna, suka zo suka sa kafaɗa a bayan motar, babu dariya, babu tambaya. Wani dattijo cikinsu ya zagayo ta taga yana haki.

"Malesh, yi haƙuri, ya Elfatih, kowa da irin tasa. Ai tun damina muka sani. Laka ta cika ƙofar gidanka, ba mu taɓa ganin sawun taya a kai ba. Kunyarka muka ji, shi ya sa muka yi shiru."