Shatin Yatsu a Hannun Gimbiya

Auta na tsaye bakin famfon ɗakin gwaje-gwaje tana ɗauraye kwalabe, sai ga Gimbiya ta zo ta tsaya gefenta, ta naɗe hannun farar rigarta a hankali kamar mai tallan awarwaro.

A wuyan hannun nan ga shatin yatsu huɗu baƙi ƙirin, babban yatsa ya zagayo ta ƙasa.

"Na goga da sabulu har fatar ta yi ja," in ji Gimbiya tana murmushi. "Ya ƙi fita. Wani riƙon idan aka yi miki shi, sai dai haƙuri."

Kwalbar da ke hannun Auta saura ƙiris ta suɓuce.

Duk ɗan ajin kemistiri ya san wannan baƙin. Ruwan azurfa ne da suka yi gwaji da shi jiya. Idan ya taɓa fata ba a ganin komai, sai rana ta doke shi sannan ya fito, kuma babu sabulun da ke cire shi sai dai fata ta sake. Mutum ɗaya ne kuwa ke ɗiga shi a bencin Gimbiya jiya.

Farfesa.

Ba wani farfesa ba ne, saurayi ne siriri mai tabarau da 'yan aji suka laƙaba wa sunan saboda kansa na ja. Tun shigarsu kwaleji benci ɗaya suke da Auta, ita tana juya kwalba shi yana sakin ɗigo, har magana ta wuce ta karatu. Sun yi alkawarin jami'a ɗaya za su shiga, ita ta karanta haɗa magunguna. Kwatsam wannan zangon Malama ta sauya zama, ta haɗa shi da Gimbiya, wadda kowa ya san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa.

Auta ta same shi a baranda yana goge tabarau.

"Autata, tun safe nake nemanki..."

"Nuna min hannunka."

"Me ya faru?"

"Na dama. Buɗe shi."

Ya buɗe. Yatsun nan biyar baƙi wuluk.

Ita da ko gefen mayafinta bai taɓa taɓawa ba. Ko biro zai miƙo mata, ta can ƙarshe yake riƙewa, wai yana ganin mutuncinta. Ashe mutuncin nata ne kawai ya yi yawa.

"Ka riƙe ta?"

"Na riƙe ta, amma ki tsaya ki ji..."

"Ka riƙe ta."

"Don Allah, zuciyata, bari in faɗa miki yadda aka yi."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan. Malama cewa ta yi mu rubuta abin da ido ya gani. To na gani a hannunta, na gani a naka, sakamako ya fito."

Ta juya ta tafi, yana kiranta ko waiwaye.

Da a nan ta tsaya da da sauƙi. Amma kishi mugun mashawarci ne, kuma Auta akwai zuciya. Tana isa gida ta nufi wurin Yaya, babban wanta, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Da ma shi ya daɗe yana cewa ba ya son ganin wani saurayi a ƙofarsa sai ta shiga jami'a, Umma ce ke tausarsa.

"Yaya, yaron nan mai tabarau... idan ya zo ka ce kar ya sake zuwa."

Yaya ya ajiye waya, fuskarsa ta washe.

"Yau kika yi hankali, Auta."

Da yamma kuwa sai ga Farfesa. Tana bayan labule tana jin komai.

"Ina wuni, Yaya. Magana ce kaɗan nake so in yi da ita."

"Ni ba yayanka ba ne. Ita da bakinta ta ce ba ta son ganinka. Idan na ƙara ganin ƙafarka a nan, ni da kai ne."

Sai ta ji muryar Farfesa can ƙasa.

"Ita ta faɗa?"

"Ita ta faɗa."

Ta zaci za ta ji sanyi. Sai ta tsinci kanta zaune a gefen gado tana kuka, kuma ko a cikin kukan yatsun nan huɗu take gani.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ta ga tasku. Farfesa bai ƙara yi mata magana ba, gaisuwa ma da kai yake yi. Gimbiya kuwa hannun riga ya ƙi sauka, ko tambaya za ta amsa wannan hannun take ɗagawa. A gwajin ɗigo, inda ake so ruwa ya sauya launi kaɗan a tsaya cak, idon Auta na can bencinsu har kwalbarta ta koma jawur.

"Baiwar Allah, ki rufe famfon ɗigon mana," in ji abokiyar bencinta. "Karo na uku ke nan. Jarrabawa na ƙofa, ke kina can kina gadin saurayin da kika kora."

"Wa ya ce miki shi nake kallo?"

"To bango kike kallo, Allah ya ba da sa'a."

Ranar da aka dawo aikin asid, Malama ta shigo ta tsaya gaban aji ba ta buɗe littafi ba.

"Kafin kowa ya taɓa kwalba. Gimbiya, ɗaga hannunki kowa ya gani, tunda na lura kina son nuna shi."

Gimbiya ta ɗaga, wannan karon a sanyaye.

"Sau nawa na ce asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba? Ranar nan, bayan rabinku sun tafi ɗakin awon sinadarai, wannan yarinyar ta ɗauki kofin ruwa za ta juye cikin asid mai ƙarfi, fuskarta a saman kwalbar. Ina can ƙarshen ɗaki, ihu kawai na iya yi. Abokin bencinta ne ya cafke hannunta. Da ya makara, da yanzu muna asibiti muna addu'ar idanunta."

Gimbiya ta sauke hannu, ta ja hannun riga ta rufe shatin.

"Kai kuma," Malama ta juya ga Farfesa, "safar hannu ba ado ba ce. Da ka sa ta da ba ka shafa wa mutane baƙi ba."

Aka kwashe da dariya. Auta ba ta yi ba. Ta tuna ranar ita ce ta fara fita zuwa ɗakin awo, don kawai kar ta ga su biyun tsaye wuri ɗaya. Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Bayan an tashi ta jira shi a baranda.

"Farfesa..."

Ya tsaya, bai kalle ta ba.

"Ka yafe min."

"Sai da Malama ta faɗa kika yarda. Ni da na roƙe ki ki saurare ni, ban kai ba."

"Na sani."

"Har gida na bi ki, Auta. Kika sa aka kore ni kamar ɓarawo."

Hawaye suka zubo mata.

"Wallahi kishi ne ya rufe min ido. Ina son ka, shi ya sa na haukace. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ko yanzu da na san gaskiya, idan na ga hannun nan nata sai zuciyata ta yi zafi."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Ko na yafe, ƙofar gidanku ta rufe."

"Ni na rufe ta. Ka zo yau."

Ya zo. Yaya na fitowa a fusace ya tarar da Auta ta riga shi tsayawa a bakin ƙofa.

"Yaya, ni na yi masa ƙazafi. Bai yi komai ba sai ceton idon wata. Idan akwai wanda za a hukunta, ni ce."

Yaya ya dube ta, ya dubi saurayin da ke durƙushe, ya ja tsaki.

"Ran nan kore shi, yau dawo da shi. Ni kuka mayar ɗan aike?"

Daga ciki Umma ta ɗaga murya.

"Kai ma dai ka bar yara su shigo, ana kallonku a titi."

Yaya ya matsa gefe da ƙyar.

"A falo, gaban Umma, da littafi a hannu. Idan ɗayanku ya faɗi jarrabawa, maganar ta mutu."

"Na yarda, Yaya," in ji Farfesa.

Wannan karon Yaya bai ce ba yayansa ba ne.

Suna zaune Umma na tsakani tana ninke kaya, Farfesa ya buɗe littafi, Auta ta sunkuyo ta rage murya.

"Gobe zan roƙi Malama ta mayar da ni bencinka."

"Idan ta ƙi fa?"

"Idan ta ƙi, kuma waccan ta sake ɗaukar ruwa za ta zuba a asid, ka cece ta, ban hana ba."

"To na gode."

"Amma hannun rigarta za ka kama."

Umma ta yi tari, ta juya musu baya tana dariya.